Farar Rigar Baba Kyari

"Sake tambayata," in ji Baba Kyari. "Ka ɗaure fuska kamar alƙali."

Ina tsaye da dutsen guga a hannu, gawayi yana ta cinyewa, amma wa zai ce a'a ga maƙwabcin da ya girmi ubansa? Na ɗaure fuskar. "Ranar da aka ƙwace babur a hanyar Roni, ina ɗanka Babagana yake?"

"Yana gona tare da ni, ranka ya daɗe, muna cirar gyaɗa, tun hantsi har la'asar. Shi ya ɗora mini buhu a kan jaki." Tari ya sarƙe shi. Ya dafa ƙyauren shagona har ya lafa. "Ya yi, Ɗayyabu?"

"Ya yi, Baba. Ka je ka kwanta."

Ina fa! Tun da aka yanke wa Babagana hukuncin kisa a kan fashi, tsohon nan bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Lokacin shari'ar yana kwance a asibiti, aka rufe ba a ji ta bakinsa ba. Da lauyar Babagana, Barista Zubaida, ta ɗaukaka ƙara zuwa Kano, sai ya sa wa ransa yau ko gobe za a kira shi. Farar rigarsa ta zuwa kotu kuwa na goge ta har na gaji, ko ba ta yamutse ba sai ya kawo.

Duk Asabar kunnensa na jikin rediyo, shirin da lauyoyi ke sharhi kan hukuncin manyan kotuna. Rannan wani ya ce kotun ɗaukaka ƙara ba ta cika kiran shaidu ba, abin da aka rubuta a kotun farko take dubawa.

Baba ya kashe rediyon. "Ka ji yaron nan? Ga mutum da ransa da bakinsa, a ce takarda ta fi shi?"

Tausayi ya kama ni, haushi ma ya kama ni, ban san na wa ba.

Da ƙafafunsa suka kumbura, matarsa Ya Kura ta yi magiya har da hawaye a kai shi asibiti. Ya ƙi ƙememe.

"Kwanciyar asibiti ce ta jawo mini wannan. In aka zo kirana ba na nan fa?"

Ya sa aka mayar da tabarmarsa zaure. Babur ko mota, duk abin da ya tsaya a layinmu sai ya yunƙura. Ranar Alhamis bayan azahar wani ɗan acaba ya sauke fasinja a ƙofar shagona.

"Wa ya tsaya?" in ji Baba.

"Ba kowa, Baba."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa.

Ranar addu'ar uku muna zaune a zaurensa wayata ta yi ƙara. Barista ce, cike da murna.

"Malam Ɗayyabu, albishirinka! An soke hukuncin. Sun ce an tauye wa Babagana damar kawo shaida, a sake shari'ar tun daga farko. Ba ni Baba, shi za mu fara kira."

Daga bayan labule Ya Kura ta ce, "Ɗayyabu, me ta ce?"

Na ɗaga kai. Rigar tana rataye a ƙusar zaure, hula a samanta, karin guga bai ko karye ba.