Baƙin Mai a Kan Tsakuwa

Kafin Iya Kiyono ta iso da sandarta, ɗanta Masakatsu ya riga ya finciko tsoho Urabe daga cikin motar ya maka shi da ƙasa.

"Kai makaho ne? Shekara uku kana cin shinkafarmu, ba ka san tsakuwar nan ba?"

Wa bai san ta ba a bakin tekun nan? A kanta ake shanya kombu, ganyen tekun da shi ne cinsu, shi ne shansu. Mijin Kiyono ya kwaso ta daga kogi kwando-kwando, ita ta wanke da hannunta. Ko takalmin da ya shiga gari ba ya taka ta. Yau ga akwalar motar Urabe, mai gado da murhu a ciki, tsaye a tsakiyar filin, baƙin mai na ɗiga ta ƙasanta. In dillali ya ji warin mai a ganye ɗaya, na shekarar duka zai mayar.

Urabe direban bas ne a birnin Sendai kafin ya yi ritaya. Da matarsa ta rasu ya sayar da gida ya sayi wannan motar. Duk lokacin shanya yakan zo ya ajiye ta bayan rumbunsu, inda ba lantarki ba famfo. Kiyono ta ba shi ruwa da shinkafa, shi ya taya su aiki. Ta auna, ta ga ba a cuci kowa ba.

"Teku ce ta hauro har tayoyi da safe," in ji Urabe yana kare fuska. "Na ce bari in matsa kaɗan..."

"Kaɗan ɗin ubanka!"

Masakatsu ya wawuri doguwar sandar da ake janyo ganye da ita.

"Kai! Ajiye!" in ji Kiyono.

Ta farko ta sauka a kafaɗa. Ta biyu a bayan kunne, da wata ƙara da Kiyono ba ta so ba.

Tsohon ya daɗe a kwance. Can ya miƙe, jini na bin wuyansa, ya rusuna mata.

"Laifina ne, Iya. Kada ki yi masa faɗa."

Ya ja motar baya har bakin hanya. Ya dawo da bokiti, ya durƙusa, ya shiga tsince tsakuwar da mai ya taɓa, ɗaya-ɗaya.

"Tashi a kai ka asibiti, sarkin taurin kai," in ji Kiyono.

"In rana ta yi zafi man zai nitse ƙasa." Ya shafa kunne, ya dubi yatsunsa, ya yi 'yar dariya. "Ni da motar nan duk yoyo muke, Iya."

Bokiti huɗu ya cika. Da rana ta take, Kiyono ta kawo masa shayi, ta tarar da goshinsa a kan tsakuwa kamar mai roƙon gafara. Ta taɓa wuyansa, ba rai. Ta ajiye kofin.

Masakatsu ya zo ya tsaya a kansu.

"Inna, mu ce daga tsanin motarsa ya faɗo. Tsoho ne. Wa ya gani?"

"Ni."

"Ni kaɗai gare ki fa! In suka tafi da ni wa zai fita da kwalekwale? Ke?"

Ta sani sarai. Ba kwalekwale, ba ganye, kafin shekara biyu ciyawa ta cinye filin. Amma mutumin da ya cika mata bokiti huɗu da fasasshen kai, wannan ba da shinkafa ake saka masa ba.

Ta aika aka kira ɗan sandan ƙauye, ya iso a kan babur. Bai ko cire hula ba ta miƙa masa sandar janyo ganyen.

"Ɗana ne ya buge shi. Sau biyu. Rubuta yadda na faɗa, ni ban iya ba."

"Inna!"

Ba ta juya ba.

Da la'asar, bayan an tafi da su duka biyun, hadari ya taso daga teku. Ganyen shekara na shimfiɗe, ba mai kwashewa. Kiyono ta wuce shi a hankali zuwa bayan rumbu, inda Urabe ya ɗaura igiyar shanya wankinsa. Singileti ɗaya, safa biyu, ɗaya da faci a diddige. Ta sauke su, ta zauna a bakin ƙofa tana ninkewa a kan cinyarta, yayyafi na buga kwano.