Sanarwar Illa

A shekarar da gero ya ƙone a tsaye, ƙaramin gidan rediyon da Tahiru yake wa aiki a Damagaram ya koma kamar tashar mota. Mai cigiyar akuya ya zo, mai tafiya cirani ya zo ya bar wa iyalinsa sallahu. Kowace yamma ordinatar gidan, wato kwamfuta, takan ɗaure muryoyin ranar a ƙunshi ɗaya ta ajiye, amma cikinta bai fi na ɗan tsako ba. Dole Tahiru ya sa mata iyaka.

Na'urar ta tambaye shi: in wuri ya cika, ta daina ajiya ko ta share mafi tsufa? Shi kuwa ɗan manoman Tirmini ne, ya san ba a taɓa sabon hatsi tsoho yana rumbu. Ya ce ta riƙa share tsoho. A ganinsa wurin zai kai shekara. Yunwa ba ta yi shawara da shi ba, cikin wata biyu ya cika.

Wata Laraba da hantsi sai ga wata mata daga Zarmu, Fanta, ƙafafunta duk faso. Mijinta Illa ya fita neman abinci, kuma kafin ya hau mota ya tsaya nan gidan rediyon ya faɗi garin da ya nufa da gidan da zai sauka. Ita ba ta ji ba, don rediyonsu ya daɗe da zama tuwo. Maƙwabcinta ya ce Kano ya ji, surukarta ta rantse Agadas ne.

"Mushe, ka sake sa min in ji da kunnena," in ji ta, tana kiransa malam da Faransanci.

Tahiru ya duba. Ƙunshin da ya fi tsufa na kwana uku ne bayan zuwan Illa. Ya sake dubawa, alhali ya san babu.

"Baiwar Allah, an share."

"Amma da bakinsa ya faɗa a ɗakin nan."

"Ya faɗa."

"To wa ya share?"

Kunya ta rufe Tahiru, don shi ne ya sa a riƙa sharewa. Ya ce ta yi tata sanarwar, ko Allah zai sa wani ya ji ya kai masa. Ta zauna gaban makirho, ta gyara lulluɓi kamar mijin yana ganinta.

"Illa, ni ce Fanta. Rijiya ta ƙafe, mun baro Zarmu. 'Yarka Wasila ta rasu ran Lahadi, sauran biyun suna tare da ni."

Tahiru ya matso ya ce a hankali, "Faɗa masa inda zai same ku."

Ta ɗago ta dube shi.

"Mushe, ai wurinsa za mu."