Magagarin Kafinta

Tun da ciwon suga ya sa aka yanke wa Kafinta ƙafar dama daga saman gwiwa, burinsa bai wuce ya koma tsaye gaban teburin aikinsa ba. Ya gwada aiki a zaune, abin ya ƙi, domin zarto sai an danna shi da nauyin jiki yake ci.

Da dungun ya warke, kumburin ya sace, sai 'yarsa ta kai shi wurin mai haɗa ƙafar roba. Mace ce mai sanyin magana, hannuwanta kullum fari fat da garin filasta. Ta naɗe masa cinya da jiƙaƙƙen bandeji, ta danna nan ta danna can har ya sandare, sannan ta zare. Da wannan ta yi masa kofi, wato robar da dungu ke shiga, wadda ake ɗaura sauran ƙafar a ƙarƙashinta. Na gwaji ne, garai-garai, ana hango fata daga waje. Ta ce ya riƙa sawa kaɗan-kaɗan a gida, in ya ji ya matsa masa ya dawo ya faɗa.

Ya kuwa matsa. A bakin kofin ta baya akwai wani ɗan tudu, duk takun da ya yi sai ya tokare shi. Kafinta ya cire ƙafar, ya ɗora ta a cinya, ya shafa wurin da babban yatsa. Yo wannan har sai an ɗauki mota an je an dami baiwar Allah? Shi da ya tsufa yana gyara ƙofofin da suka ƙi rufuwa? Ya bari 'yar ta fita aiki, ya jawo akwatin kayansa, ya sa magagari ya cinye tudun, ya bi da samfefa har wurin ya yi sumul. Da ya sa, tokarin ya tafi. Ranar har waƙa ya yi a tsakar gida.

Bayan 'yan kwanaki sai ƙarshen dungun ya fara zugi. Ya yi shiru da bakinsa. 'Yar ce ta ga ɗigon jini a safar da yake sawa ciki, lokacin da take wanki. Ba ta tsaya jin ta bakinsa ba, ta kira mota.

Mai haɗa ƙafa ta karɓi kofin, ta juya shi a gaban taga, ta bi bakinsa da yatsa.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

"Wane aiki?"

"Kai, Baba!" in ji 'yar. "Shi ya sa na ga farin gari a ƙarƙashin gado, ka ce mini gara ce!"

"To ai ban ɓata ba," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ki taɓa ki ji."

"Na ji. Santsi kam ya fi nawa," in ji mai haɗa ƙafa tana murmushi. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. "Amma bari in tambaye ka. In ka yi benci, sai wani ya zo ya cire sandar da ke riƙe da shi ta ƙasa don tana zungurar ƙafarsa, me zai faru?"

"Zai lotsa mana."

"To tudun nan da ka cire, wurin zamanka ne. A kansa ƙashin da kake zama da shi yake hawa, shi ke ɗaukar nauyinka. Da ya tafi sai ka zurma ciki, nauyin duka ya sauka kan tabon ɗinki, inda fata ba ta da ƙarfi."

Ta warware safar. Kafinta ya kawar da kai. Da ɗan ƙurji a yatsa wancan karon ma aka fara, har aka kai inda aka kai. Ya juyo ya dubi mai haɗa ƙafa.

"'Yata, ki faɗa mini gaskiya. Za a ƙara yankewa?"

Ta sunkuya kan dungun. Ta wanke wurin, ta danna gefensa, ta ji ɗuminsa da bayan hannu.

"Fata ce ta ƙuje, bai yi zurfi ba. Likita zai duba yau, amma ina ganin an tare shi da wuri. Sai dai ƙafa a nan za ta zauna. Sanduna za ka koma har ya rufe."

Ya sauke numfashi, idonsa ya cika. 'Yar ta dafa masa kafaɗa, faɗan da ta shiryo tun daga gida ya bi iska.

"Yanzu nuna mini daidai inda ya tokare ka," in ji mai haɗa ƙafa.

Ya ɗora yatsa ba tare da lalube ba. Ta duba, ta gyaɗa kai.

"Ka yi gaskiya, ya ɗan shigo ciki da yawa. Matsar da shi ya kamata a yi, ba cirewa ba." Ta miƙa masa jan fensir. "Riƙe wannan. Naka sa alama, nawa gogewa."

"Akwatin kayan ma zan kai gidan kawu," in ji 'yar.

"Ki kai," in ji Kafinta. "In ya ara bai dawo da shi ba, ke za ki biyo shi."

Sai da miki ya rufe ruf aka yi sabon kofi. Kafinta ya miƙe tsakanin ƙarafuna biyu da masu koyon tafiya ke dafawa, ya saki nauyinsa a hankali, ya ji ya hau tudun daram. Ya je ƙarshe ya dawo, gumi na tsiyaya a wuyansa. Mai haɗa ƙafa ta durƙusa ta leƙa ta cikin robar.

"Ƙasa lafiya lau, ko ja bai yi ba. Sama fa?"

"Nan, ta gaba, yana ɗan cizo."

"To zauna in gyara."

"Dakata tukuna," ya ce. Ya saki ƙarfen hagu, ya saki na dama, ya tsaya da ƙafafunsa.