Marsandin Baba Ta Fita Ta Zaure

Har yau ban san wanda ya kamata ya nemi gafarar wani ba tsakanina da Yaya Badaru.

Motar ta babanmu ce, marigayi Alhaji Maccido, dillalin shanu da fatu a Ƙofar Atiku. Baƙar Marsandi ce ƙirar 1957, doguwa, kujerunta na fata, gabanta katako mai sheƙi. Ya saye ta a hannun wani Bajamushe mai sayen fatun awaki da zai koma ƙasarsu lokacin yaƙin basasa. Tun kafin a haife ni ta mace a tsakar gida, aka rasa makanikin da zai tashe ta, aka lulluɓe ta da tamfol. Da gida ya cika, Baba ya dubi faffaɗar ƙofar da motar ke shigowa ya ce ɓarnar fili ce. Ya toshe ta, ya gina wa Inna ɗaki a wurin. Daga nan hanya ɗaya ta rage wa gidan, zaure, wanda ko akuya biyu ba sa jerawa a cikinsa.

Shekara arba'in tana nan, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Sai ƙodar Inna ta lalace. Wankin ƙoda sau biyu a mako ya cinye shanun da Baba ya bari, ya cinye filina na Arkilla. Likita ya gaya mini ƙiri-ƙiri, in aka daina wankin nan, Inna ba za ta kai wata guda ba. Ranar nan na yaye tamfol, na ɗauki hotuna, na sa a intanet cewa ta sayarwa ce.

Bayan kwana uku wani Injiniya Zulkifilu ya kira daga Abuja yana ta ɗoki. Ya ce kaɗan aka ƙera irinta, waɗanda suka rage ba a taɓa su ba kuwa sai an tona. Da ya faɗi abin da zai biya, sai da na nemi wuri na zauna. Ya isa a yi wa Inna wanki shekaru, ba mu roƙi kowa ba.

"Amma Hajiya Balkisu," in ji shi, "don Allah kada a taɓa ta. Ko ƙurar kada a share. Yadda take nake son ta."

Matsala ɗaya, ta ina za ta fita? Masu motar ɗaga kaya suka zo suka duba, suka ce wayoyin wuta da dogonyaron tsakar gida sun hana. Ba makawa sai an rushe ɗakin Inna.

Ranar Alhamis na je na sanar. Yayana Badaru, wanda mahauci ne tun yana ɗan shekara goma sha biyu, yana tsaye bakin ƙofa yana ji. Inna ta dafa bango ta ce, "Nan na haihe ki, nan ubanku yac cika. Ku bari in cika nan, kanan ku rushe."

Raina ya ɓaci, don na gaji. Na ce magina za su zo Asabar, ita kuma ta koma wurina Arkilla, magana ta ƙare. Yaya ya ce, "Balki, ba wata dabara?" Na ce in yana da ita ya kawo. Na ɗauki jakata na fita. Ban tsaya na gaya masa gargaɗin Injiniya ba. Wannan bakin nawa mai saurin yanke magana, shi ya ja mana.

Juma'a na wuni gyara wa Inna ɗaki a gidana. Asabar da safe na tarbo Injiniya, babbar motar da za ta ɗauki Marsandin tana biye da mu. Muna shan kwanar layinmu na ga mutane cunkus a ƙofar gida. Na ɗauka Inna ce ta cika.

Ba Inna ba ce. Motar ce a waje.

An shimfiɗa tabarmi da buhuna a gefen titi, an jera ta a kai kashi-kashi. Gabanta da injin a nan. Rufinta a jingine da bango. Ƙofofi huɗu an jera su bisa tsari, kujeru a gefe, bayanta can kusa da kwata. Kowane yanki an rubuta masa lamba da alli. Wallahi sai ka ce teburin naman Yaya na kasuwa ranar jajibirin Sallah.

Na fito daga mota na tsaya a kan ƙarafan.

Yaya Badaru ya taho yana goge hannu da tsumma, fuskarsa cike da fara'a.

"Balki, dibi aiki. Ko bulo guda ba mu taɓa ba na ɗakin Inna. Jiya bayan masallaci munka fara, ni da Gambo mai walda."

"Yaya, me ka yi?"

"Abin da muka yi kullum mana. Sa in yay yi girma, ai da ƙahwa tai ba ya wuce ƙofa, amma nama nai na wucewa. Gaɓa-gaɓa munka bi, ni na nuna mai inda za ya yanka. Gambo ya ce kahin la'asar ya haɗe ta, a shafa fenti, ba mai gane wurin."

Injiniya ya matsa kusa. Ya durƙusa da farar shaddarsa a ƙasa, ya shafa bakin ƙarfen da aka datse, dogon ƙashin bayan motar da aka raba uku. Ya cire tabarau ya riƙe.

"Shekara goma sha ɗaya ina neman irinta," ya ce a hankali. "Ta tsira daga yaƙi, ta tsira daga tsatsa."

"A haɗa maka ita, ranka ya daɗe," in ji Yaya. "Gambo gwani ne."

"Malam, abin da na zo saye shi ne ba a taɓa yanka ta ba. Yanzu ƙarfe ne."

Na ga fara'ar Yaya tana zubewa kaɗan-kaɗan. Ya dube ni, yana jira in ce wasa ake. Na so in shaƙe shi, na rantse na so. Amma idonsa ja wur, hannunsa duk ƙuna da yanka, don kada uwarsa ta yi kuka ya yi wannan aikin. Ni kuma da na san komai ban buɗe baki na gaya masa ba.

Injiniya ya ce zai iya karɓar fitilun da tambarin tauraron da ke gabanta, in muna so. Abin da ya ambata ba zai kai Inna ƙarshen wata ba. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya shiga mota. Babbar motar ta juya ba komai a bayanta.

Na bi ta zaure na shiga. Bangon duk ya kankare inda aka jawo ƙarafa. Inna na zaune bakin gado, ƙafafunta a kumbure, tana murmushin da na daɗe ban gani ba.

"Kin ga ɗan'uwanki da dabara? Mota ta hita, ɗaki na nan. Ke da kin rushe min shi a banza."

"Ɗaki na nan, Inna."

"To madalla. Tun da kuɗi sun samu, ki gaya ma likita ranar Talata muna tahe."

Na durƙusa na ɗora ƙafarta a cinyata ina matsawa, don kada ta ga fuskata. A waje na ji Gambo ya tayar da injin walda. Yaya ne ya sa shi, wai a gwada ko Injiniya zai dawo.