Motar Likita Ta Daina Shaƙewa

Ba ta ko kashe inji ba sai ga matar Baba Injiniya tana buga mata gilashi. Likita ta sauke shi, ta riga ta shirya ban haƙuri. Ita ba likita ba ce, kemis gare ta a bakin titi, 'yan layi ne suka liƙa mata sunan. Tun da ta sa wa jar motarta mai ƙofa biyu turbo, babu wanda bai kawo mata ƙara ba. Duk sanda ta ɗaga ƙafa daga totur sai motar ta yi wani kuka, tututu, har telan layin ya ce kamar ana shaƙe talotalo. Ga shi katanga ɗaya ce tsakaninta da Baba Injiniya, wanda ke kwance ba lafiya.

Amma Mama, matar tasa, ta ce ba faɗa ya kawo ta ba, Baba ne ke kiranta.

Ta same shi jingine da filo uku, tiyon oksijin a hancinsa, ƙafafunsa sun kumbura. Shekara arba'in ya yi yana gyaran injinan manyan motoci kafin zuciya ta kwantar da shi. Ta durƙusa ta soma gaisuwa, ya katse ta.

"'Yata, motarki shaƙewa take yi."

Ta ce wanda ya ɗaura mata turbon ya ce ai wannan kukan shi ne adon. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya huta, ya yi mata bayani a hankali, yana nunawa da hannu. Turbo iska yake turawa cikin inji da ƙarfi. In ta saki totur, ƙofar iskar rufewa take yi, iskar ta rasa wurin zuwa, ta juyo ta daki farfelar da ta turo ta. Akwai bawul da ya kamata ya buɗe ya sauke matsin, amma nata ba ya buɗewa, ya ji daga gadonsa, sifirinsa ya yi tauri. In ta ci gaba a haka, farfelar ba za ta kai ƙarshen wata ba.

Washegari da hantsi ta turo motar ƙarƙashin tagarsa. Mama ta fito da akwatin ƙarfensa, sifanu jere cikin tsumma, kowanne da lambarsa. Likita ta naɗe hannun riga, shi kuma yana ba da umarni ta taga: ba wancan ba, na goma, kada ta ɗaure da ƙarfi, ba murfin kwalbar magani ba ne. Kwana uku suna yi. Sifirin na farko ya yi laushi, motar ta riƙa mutuwa. Na biyu kuwa Baba ya sa ta ƙara masa washa guda, wani ɗan zoben ƙarfe. Sannan ya sa ta ja tiyo daga bakin bawul ɗin zuwa gaban turbo, don iskar ta koma ciki maimakon ta fita tana damun mutane. Babban ɗansa ya zo ya tarar da uban yana ihun "ba haka ba" ta taga, ya ce likitocin gaske hutu suka rubuta masa. Mama ta ce masa rabon tsohon da ya cinye abincinsa tun wata biyu, sai jiya.

Ranar Asabar masu irin waɗannan motoci suke taruwa a tsohon filin jirgi, suna gwada gudu da agogo. Baba ya ce da shi za a je. Ɗan ya ƙi, ya sake ƙi, daga baya shi da kansa ya ɗauke shi cak ya zaunar a kujerar fasinja ta motar Likita, ya cusa tukunyar oksijin tsakanin ƙafafunsa, ya ɗaure masa bel, shi kuma ya biyo su a wata motar.

A filin, mazan da suka saba yi mata dariya suka leƙo, ɗaya ya tambaya ko asibiti ta ɓace. Ta ce wa Baba za ta bi a hankali.

"In lallaɓawa za ki yi, mayar da ni gado," in ji shi. "Taka."

Ta taka. Kujera ta manne mata a baya. Ta ɗaga ƙafa za ta sa giya ta biyu, tana jiran kukan nan, sai wani ɗan huci kawai, motar ta ci gaba da ja kamar ba a canza komai ba. Ta uku ma haka. Ta saci kallonsa: idonsa a rufe, kansa a karkace, yana sauraro, baki har kunne.

Mai riƙe da agogo ya duba sau biyu kafin ya faɗa. A ranar babu wanda ya kamo ta. Wanda ya yi zancen asibiti ya zo ya tsuguna ta gefen Baba yana roƙon ya saurari tasa motar. Baba ya sa aka tayar, ya ce salansar hayaƙi ce ta tsage, a kawo ta gaba. Mota biyar ya duba kafin ɗansa ya ce ya isa.

Ranar Litinin da safe ya sha shayinsa, ya ce wa Mama ta buɗe taga, ya kwanta bai tashi ba.

Likita ta rufe kemis. Yini ta yi tana ɗauko 'yan uwansa masu zuwa ta'aziyya daga tasha ɗaya bayan ɗaya, tunda kujerar fasinja ɗaya ce. Da yamma, mutane sun ragu, ta ajiye motar a ƙofar gida ta kashe. Mama ta fito zubar da ruwan wanke kofuna. Ta tsaya, ta ajiye robar, ta goge hannu da gefen zani, ta ɗora tafinta a kan bonet. Da sauran ɗumi. Injin yana ɗan ƙas-ƙas yana hucewa, su biyun suna tsaye.