Ɗakin Ajiyar Littattafai

"Riƙe masa kai, Yaya, numfashin ba ya fita," in ji matar kafinta.

Mai ɗinki ta tallafo kan maƙwabcin nata a bayan mota, mijinta yana tuƙi. Kwana huɗu ke nan kafinta yana fama da zazzaɓi da ciwon jiki, kowa yana cewa gajiya ce. Yau kuma ƙirjinsa ya cushe, bakinsa a buɗe, iska ta gagare shi. Bai cika kwana biyu a asibiti ba ya rasu. Likita ya ce cuta ce da ake shaƙa daga busasshen kashi da fitsarin ɓera.

Mai ɗinki ta yi kuka kamar ɗan'uwanta ne ya tafi. Shekara tara ƙofa na kallon ƙofa. Kujerar keken ɗinkinta ma shi ya ƙera, yana tsokanarta wai ya ƙara ƙusoshi saboda nauyinta.

Bayan mako ɗaya ma'aikaciyar duba-gari ta shigo gidan, ta tsaya a bakin ɗakin ajiya inda mijin mai ɗinki yake jibge kwalayen littattafan makaranta da yake sayarwa.

"Wa ya share nan?"

"Marigayin ne, makonni uku da suka wuce. Maigidana ya roƙe shi."

"Ya jiƙa ƙasan da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta?"

"A bushe ya share."

Matar ta sauke jakarta. "A bushe? Ni da bakina na gaya wa mijinki. Na nuna masa kashin ɓeran, na ce a buɗe ƙofa iska ta shiga tukuna, a jiƙa ko'ina, a kwashe da tsumma, kada tsintsiya ta taɓa wurin. Har safar hannu da takunkumi na bar masa."

Mai ɗinki ta tuna ranar sarai. Kafinta ya leƙo, gashin girarsa fari fat da ƙura, yana cewa, "Yaya, a ba ni ruwa in ɗan yayyafa mana." Ita ta cika bokitin da hannunta. Mijinta ne ya tare ta a ƙofa, ya ce ruwa da takarda ba sa shiri, a share haka nan. Sannan ya fita ya tsaya can bakin titi.

Bayan tafiyar duba-garin, da mijin ya dawo cin abincin rana, ba ta bari ya wanke hannu ba.

"Baban yara, ka sani?"

"Na san me?"

"Duba-gari ta zo."

Ya ture kwanon abincin gefe. "Ban ɗauka abin zai kai haka ba. Kullum haka suke tsorata mutane."

"To me ya hana ka shiga da kanka?"

Sai ya ce, "Kada ki gaya wa matarsa. Me zai ƙara mata?"

Wannan ce ta fi ƙona mata rai. Shekara ashirin tana kare mutumin nan a gaban kowa, ashe lokacin da ya hana ta shiga da bokitin ya san haɗarin da ke ciki.

Ta tsallaka ɗakin matar kafinta da niyyar faɗa. Matar tana zaune a ƙasa tana ninke rigunan mijinta. Tana ganinta ta kamo hannunta.

"Yaya, ki yi mini godiya wurin maigidanki. Shi ya kai shi asibiti, shi ya tsaya a kan komai. Samun maƙwabci irinsa sai an tona."

Mai ɗinki ta zauna, ta ɗauki riga ɗaya ta fara ninkewa.

Ta taga tana hango mijinta yana fito da kwalayen ɗaya bayan ɗaya, takunkumi a fuskarsa, safar roba har gwiwar hannu. Kowane kwali sai ya duba gindinsa kafin ya ajiye shi a inuwa.