Ƙurajen da Ikilima Ta Ɓoye

Ƙanwata Ikilima tana da farfaɗiya tun tana budurwa. A gidanmu na Buji ba a kiran sunan ciwon, sai dai a ce "abin nata ya tashi". Da ta haifi Haisam sai mijinta Misbahu ya kafa mata doka: ba ta goya yaro, ba ta zama da shi kusa da murhu. Ban ga laifinsa ba, domin ta taɓa faɗuwa da tulu a ka. Amma a ce uwa tana ji tana gani 'yar maƙwabta ce ke goya mata ɗa? Wannan ya fi ciwon cin ranta.

Ni na matsa aka kawo ta asibiti a Dutse. Likita ya rubuta mata ƙwaya, ya ce kullum ta sha, kada ta tsallake. Ya kuma dube ta ido cikin ido ya ce, "In kin ga ƙuraje a jikinki, ko zazzaɓi, ko bakinki ya fara ciwo, ki dawo a ranar. Kada ki jira gobe." Ina wurin, da kunnena na ji.

Magani kuwa ya karɓe ta. Makonni suka shuɗe ba ta faɗi ba, har Misbahu ya sassauta. Ranar da ta fara goya Haisam sai da ta zaga gida-gida, wai ta je aron taɓarya, alhali turminsu da taɓarya biyu.

Wata rana ina unguwarmu Yalwawa a Dutse ina suyar awara sai Misbahu ya kira ni, ya ce Ikilima ba ta iya haɗiye ko kunu. Na bar wa maƙwabciyata kasko na nufi tasha.

Na tarar da ita a ɗaki cikin hijabi har ƙasa, ga zafi kamar a gasa mutum. Innarmu tana gefe tana yi mata fifita, fuskarta a sake.

"Lauratu, ki gode wa Allah," in ji Inna. "Cutar ce take fita. Kin manta lokacin da kika yi ƙyanda? Sai da ƙurajen suka feso sannan kika samu kanki. Wanda tasa ta ƙi fitowa shi ake wa kuka."

Haka aka san abin a wurinmu, kuma Inna ta raini yara da yawa a kan wannan sanin. Na ɗaga hijabin. Innalillahi! Wuya, ƙirji, baya, duk sun yi jawur, wasu wuraren sun ɗuri ruwa kamar ƙunar tafasasshen mai. Leɓɓanta sun farfashe, idanunta sun kaɗa.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai. "An kwana biyu, Yaya."

"Kuma kina ta shan ƙwayar? Ke wace irin mutum ce? Ba a gabana likita ya gaya miki ba?"

"Na ji shi sarai," ta ce, da kyar maganar ke fita. "In na koma zai karɓe maganin. In ya karɓe zan faɗi. In na faɗi za su karɓe Haisam."

Tausayinta ya kama ni, haushinta ma bai sake ni ba. Na ce wa Inna, "Inna, ki yi haƙuri, wannan ba ƙyanda ba ce. Maganin ne jikinta ya ƙi." Inna ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta ga fatar kafaɗar Ikilima ta biyo hijabin. Ita da kanta ta fita tana ƙwala wa Misbahu kira ya nemo mota.

A asibiti aka kwantar da ita nan take. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce wannan ƙwayar tana yi wa mutane da yawa aiki lafiya lau, amma wasu ƙalilan jikinsu kan juya mata haka, kuma abin yana kisa in aka yi sake. Ya ce Ikilima da wannan ƙwayar har abada, duk inda ta je ta faɗi sunanta.

"Da kin zo da wuri, canza miki kawai za mu yi," ya ce. "Maganin farfaɗiya ai ba shi kaɗai ba ne."

Ikilima ta rufe ido. Ashe ba ta san akwai wani ba, mu ma ba wanda ya yi tunanin tambaya.

Ta daɗe a kwance. Fata ta saɓule, sabuwa ta fito dabbare-dabbare, aka ɗora ta a kan wata ƙwayar. Da ta fara zama da kanta sai na ɗauko Haisam daga wurin Inna na kai mata. Ta miƙo hannu tana murmushi da leɓɓan da ba su gama warkewa ba. Yaron ya kalle ta, ya kalle ta, sai ya tsala ihu ya ƙanƙame wuyana.

Na fara jijjiga shi ina cewa, "Kai, ja'iri, uwarka ce fa!"

"Ƙyale shi, Yaya," in ji Ikilima, ta mayar da hannuwanta kan cinya. "Ki zauna da shi nan kusa, inda zai riƙa jin muryata. Zan jira."